Fashin baƙi: Me ke cikin Wee Heavy, giyar tsiro mai ƙarfi ta ƙasar Sikotilan?

A cikin nau'o'in giyar da Turawa ke dafawa da sha'ir, akwai wata da ta fita daban. Ba ɗaci ake nema a cikinta ba, kuma ba don kashe ƙishi aka yi ta ba. Launinta ja ne mai duhu, har yakan kusa baƙi, tana da kauri a baki, zaƙinta ya rinjayi ɗacinta, ƙarfin barasarta kuma yakan kama daga kashi 6.5 zuwa kashi 10 cikin 100, wato kusan ninki biyu na giyar kwalba da aka saba gani. Mutanen Sikotilan, a arewacin Birtaniya, suna kiran ta Wee Heavy, a wasu ƙasashe kuma Scotch Ale.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma wannan bayani ba kira ba ne ga kowa ya sha. Abin da ya sa na ga ya cancanci a warware shi daban ne. A cikin wannan kofi akwai ilimin hatsi, akwai tarihin haraji da tarzoma, akwai kuma labarai da aka daɗe ana maimaitawa har suka zama kamar gaskiya alhali takardun tarihi ba su goyi bayansu ba. Wanda ya fahimci yadda ake fitar da ɗanɗanonta ya fahimci abu mai yawa game da yadda ƙwayar hatsi ke juyewa ta zama zaƙi da ƙamshi.

Komai daga tsiro yake farawa. Ƙwayar sha'ir cike take da sitaci, amma sitaci ba shi da zaƙi, kuma yis ba ya iya cin sa. Don haka sai a jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, ana tsiyaye ruwan ana sakewa, sannan a shimfiɗa shi ya fara tsirowa na kwana huɗu zuwa shida. A wannan lokaci ƙwayar tana farkar da wasu sinadarai a cikinta waɗanda aikinsu shi ne farfasa sitaci ya zama sukari don ciyar da sabon tsiron. Kafin tsiron ya cinye abincin, sai a tsayar da shi ta hanyar busarwa da iska mai zafi. Idan an busar a hankali, tsiron yakan fito da haske, ɗanɗanonsa kamar na biskit. Idan an ƙara wuta, sai ya yi ja, ya yi garɗi. Idan aka gasa shi tun yana da danshi, sukarin da ke cikin ƙwayar yakan narke ya daskare kamar alewa, kuma daga irin wannan ne ake samun ɗanɗanon zabibi da dabino.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu kunun zaƙi da ke zuba tsiron dawa ko na gero don kunu ya tsinke ya yi zaƙi, wannan sinadarin suke aiki da shi. Haka kuma duk wanda ya taɓa shan Maltina, wadda ta fito kasuwa a 1976, ko Malta Guinness, ya san ɗanɗanon tsiro ba tare da barasa ba. Hasali ma lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa ce kamfanonin Najeriya suka koma wa. Wee Heavy dai wannan ɗanɗano ne aka tattara shi wuri ɗaya, aka bar yis ya tsima wani sashe nasa.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Bayan an ɓarza tsiron, ana kwaɓa shi da ruwan zafi a bar shi kamar awa guda. Sinadaran da ke farfasa sitaci iri biyu ne, kuma kowanne da zafin da ya fi so. Ɗaya yana aiki sosai a digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, yana yanka sitacin ƙanana-ƙanana, irin sukarin da yis ke cinyewa tas. Ɗayan ya fi son digiri 68 zuwa 70, shi kuma yankan manya yake yi, ya bar gutsattsarin da yis ba ya iya haɗiyewa. Bambancin digiri huɗu ko biyar kacal, amma shi ke raba giya mai tsinkewa da giya mai kauri. Mai dafa Wee Heavy yakan karkata zuwa ɓangaren zafi, domin so yake bayan yis ya gama aikinsa a samu sauran zaƙi da nauyi a kan harshe.

Ana iya auna wannan da lissafi. Idan nauyin ruwa zalla 1.000 ne, ruwan tsiron da za a yi Wee Heavy da shi yakan fara daga 1.070 zuwa 1.130 saboda yawan sukarin da ke ciki. Bayan ya tsima, yakan tsaya tsakanin 1.018 da 1.040. Giyar yau da kullum takan ƙare a kusa da 1.010 ko ƙasa da haka. Wannan ratar ita ce zaƙin da mai sha ke ji. A da can, masu dafawa kan tace ruwan farko, wanda ya fi kowanne kauri, su ware shi don giya mai ƙarfi, sannan su ƙara ruwa a kan dusar su fitar da na biyu don giya mai sauƙi ta ma'aikata. Kwaɓi ɗaya, giya biyu ko uku, kowacce da farashinta.

Daga nan sai tafasa. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san ƙanzo: gari ɗaya ne da na tuwon, amma wanda ya kwanta a gindin tukunya ya sha wuta yana da launi da garɗi da sauran tuwon ba shi da su. Masana kimiyya suna danganta bayanin wannan ga wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, wanda ya nuna a 1912 yadda sukari da sinadaran furotin ke haɗuwa a kan zafi su haifi sabon launi da sabon ƙamshi. Abin da ke faruwa ke nan wajen gasa tsiro, da kuma a gindin tukunyar jan ƙarfe idan harshen wuta na dukan ta kai tsaye. Masu dafa Wee Heavy na zamani, musamman a Amurka, sukan ɗebi wani kaso na ruwan farko su tafasa shi daban har ya kafe ya zama kamar zuma, sannan su mayar cikin babbar tukunya. Wasu kuma sukan sa gasasshen sha'ir ɗan kaɗan, abin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na hatsin ba, don launi da ɗan bauri da zai hana zaƙin ya gundure mutum.

Sunayen giyar Sikotilan sukan rikita baƙo, domin lambobi ne: 60, 70, 80, 90, kowacce da alamar sule a gefenta. Dattawanmu da suka yi zamani da kuɗin Ingila sun san sule, ashirin ɗinsa ne fam ɗaya. A ƙarni na 19, kamfanoni na rubuta farashin babbar ganga mai cin galan 54, wato kimanin lita 245, a takardar ciniki, kuma da yake giya mai ƙarfi ta fi cin tsiro, ta fi tsada, sai farashin ya zama shi ne sunan. A wancan lokaci akwai har mai sule 140 da 160. Farashi ya daɗe da canzawa, sule ma Birtaniya ta daina aiki da shi a lissafinta tun 1971, amma sunayen suka zauna. A yau mai sule 60 ita ce mafi sauƙi, ƙasa da kashi 3.5, mai 70 tana tsakanin 3.5 da 4. Mai 80 takan kai 5.5, mai 90 kuma ita ce ke shiga sahun masu ƙarfi. Sunan Wee Heavy kansa ya samo asali ne daga kamfanin Fowler da ke garin Prestonpans, gabas da Edinburgh babban birnin Sikotilan, wanda ke sayar da giyarsa mai suna Twelve Guinea Ale a 'yar ƙaramar kwalba da ba ta kai mililita 200 ba. A bakin mutanen yankin, sunan yana nufin 'yar ƙarama mai nauyi.

To yaya masu gwada ɗanɗano ke bi da ita? Abu na farko da suke kula da shi shi ne sanyi. Giyar da aka ciro daga firiji mai ƙanƙara ba ta sakin ƙamshi, kuma sanyi yana dushe zaƙi a harshe. Saboda haka ake ba da Wee Heavy a digiri 10 zuwa 13, sanyin ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ana zuba ta a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken wuya don ƙamshin ya taru a sama. Sukan ɗaga kofin a haske tukuna, domin abin da ido ke gani baƙi sau da yawa ja ne mai zurfi, kuma mai kyau takan fito garau, da kumfa mai launin ƙasa-ƙasa wadda ba ta cika daɗewa ba saboda barasa na karya kumfa. Idan aka juya kofin, ruwan yakan bar sawu yana gangarowa a jikin gilashi a hankali.

Sai hanci, wanda shi ne ke yin mafi yawan aikin. Harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da ɗanɗanon romo kawai yake rarrabewa. Sauran abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci. A Wee Heavy ana neman ƙamshin ƙonannen sukari, da ɓawon burodi, da soyayyar gyaɗa, da busassun 'ya'yan itace. Ƙamshin hops, wato furen nan mai yaɗo da ke ba giya ɗaci, ba a so ya fito fili. A ma'aunin ɗaci da masu sana'ar ke amfani da shi, Wee Heavy tana tsakanin 17 da 35, yayin da nau'in IPA na Amurka, wata giya mai yawan hops, ke tsakanin 40 da 70. Ɗacin yana nan, amma aikinsa riƙe zaƙi ne kada ya yi yawa.

A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Yin giya mai zaƙi ba wuya ba ne, kowa zai iya barin sukari a ciki. Wuyar ita ce a yi mai zaƙin da idan an haɗiye baki zai koma wasai, ba ya danƙo. Alƙalan gasa sukan jira bayan haɗiya su ji abin da ya rage. Idan ɗumi ne mai laushi ya sauka ƙirji, tare da ɗan garɗin gashi a ƙarshen harshe, an yi aiki. Idan kuwa zafi ne mai kartar maƙogwaro da wari kamar na fenti, alama ce cewa yis ya yi aiki a wuri mai zafi ya fitar da barasa masu kaifi. Warin man shanu mai yawa na nuna an raba giyar da yis tun bai gama share bayansa ba. Warin jiƙaƙƙiyar takarda kuma iska ce ta shiga. Abin sha'awa shi ne, iska kaɗan a tsawon lokaci ba laifi ba ce ga irin wannan giya; kwalbar da ta shekara ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi da duhu takan ƙara zurfin ɗanɗanon 'ya'yan itace.

Wannan laushi nata shi ne kuma haɗarinta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Zaƙi na rufe ƙarfin barasa, mutum ya sha fiye da yadda yake zato. A lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, awo ɗaya na barasa mililita 10 ne, kuma suna ba da shawarar kada a wuce awo 14 a mako. Kwalba ɗaya mai mililita 330 da ƙarfin kashi 8 tana ɗauke da awo 2.6. Sikotilan ƙasa ce da shaye-shaye ya yi wa illa sosai. A 2023 kaɗai mutum 1,277 ne suka mutu da cututtukan da barasa ce sanadinsu kai tsaye. Tun watan Mayun 2018 gwamnatinta ta kafa dokar mafi ƙarancin farashi, kwabo 50 na Ingila a kan kowane awo, aka ɗaga zuwa 65 a 2024.

Yanzu ga labaran da nake ganin ya kamata a tace. Na farko shi ne na hayaƙi. Mutane da yawa, musamman a wajen Sikotilan, sun ɗauka cewa giyar ƙasar dole ta yi ƙaurin peat, wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi da ake haƙowa a fadamu, a busar, a ƙona kamar itace. Gaskiya ne ana busar da tsiro da hayaƙinta, amma wannan al'adar masu wiski ce, musamman na tsibirin Islay. Manyan kamfanonin giya suna kudu ne, a Edinburgh da Alloa, inda kwal ke da yawa, kuma ƙoƙarinsu kullum shi ne tsiro ya fito ba hayaƙi. Ƙananan masu dafawa na Amurka ne suka fara zuba tsiron wiski a tukunya don giyar ta yi abin da suke zaton ƙamshin Sikotilan ne. Ƙungiyar BJCP mai horar da alƙalan gasar giya ta gyara ƙa'idojinta a 2015, ta bayyana cewa tsiro mai hayaƙin peat ba na wannan nau'in ba ne. Ba na cewa mai hayaƙin ba ta da masu so, amma a kira ta da sunanta, sabon abu ne, kada a jingina wa kakannin wasu abin da ba su yi ba.

Na biyu shi ne na hops. Ana cewa wai da yake furen ba ya yi a sanyin Sikotilan, sai an sayo daga yankin Kent na Ingila, mutanen ƙasar suka ƙi sa shi da yawa saboda tsada, ko ma saboda ƙin Ingilishi. Labarin yana da daɗin faɗa, amma masanin tarihin giya Ron Pattinson ya shafe shekaru yana bin tsofaffin littattafan dafuwa na kamfanoni irin su William Younger, kuma abin da ya gani ya saɓa. A ƙarni na 19 Edinburgh na cikin manyan cibiyoyin da ke dafa giya mai ɗaci suna aikawa ƙasashen da Birtaniya ke mulka, domin ruwan rijiyoyin birnin mai ma'adinai ne, ya dace da irin wannan. Kamfanin da ke da jiragen ruwa a Leith, tashar jiragen ruwan Edinburgh, ba zai gaza sayo buhunan fure ba. Haka ma batun tafasa na awoyi masu yawa har ruwa ya ƙone: takardun sun nuna tafasar tasu ba ta fi ta Ingila tsawo ba, kuma a ƙarni na 20 sau da yawa da ƙonannen sukari ake rina giyar, har a ba kowane gari launin da mutanensa suka saba. Abin da ya tabbata shi ne yis ɗinsu kan bar sukari mai yawa bai cinye ba, kuma suna fara tsimawa a ɗan sanyi fiye da na kudu. Ƙarancin ɗaci ya ƙara bayyana ne daga baya.

Abin da babu gardama a kansa shi ne matsayin tsiro a zuciyar mutanen ƙasar. Bayan haɗewar Sikotilan da Ingila a 1707, majalisar Landan ta ɗora harajin tsiro a kan Sikotilan a 1725, kwabo 3 a kan kowane ma'auni, rabin abin da ake biya a Ingila. Duk da rangwamen, tarzoma ta ɓarke a birnin Glasgow. A watan Yuni na shekarar, jama'a suka afka wa gidan Daniel Campbell na Shawfield, ɗan majalisar da ya goyi bayan harajin, suka wawashe shi, sojoji suka buɗe wuta aka rasa rayuka, sai da Janar Wade ya zo da dakaru. Masu dafa giya na Edinburgh kuma suka shiga yajin aiki. Diyyar da aka biya Campbell ta taimaka masa ya sayi tsibirin Islay, wanda yau duniya ta san shi da wiski. Harajin tsiro ya ci gaba har 1880, lokacin da Firaministan Birtaniya Gladstone ya soke shi ya mayar da haraji kan nauyin ruwan tsiro kafin ya tsima. Daga nan duk giya mai kauri ta zama mai tsadar haraji, kuma da yaƙe-yaƙen duniya biyu suka zo da ƙarancin hatsi da ƙarin haraji, ƙarfin giyar Birtaniya gaba ɗaya ya faɗi. Masu ƙarfi irin su Wee Heavy suka koma 'yan tsiraru da ake sha lokacin hunturu.

Wani abin mamaki shi ne Beljiyam ta riƙe nau'in fiye da gidansa na wani lokaci. Wani Bature ɗan Ingila, John Martin, ya kafa kasuwancin shigo da abin sha a Antwerp a 1909, kuma bayan yaƙin duniya na farko kamfaninsa ya yaɗa giyar Gordon a ƙasar. Kofin nan mai siffar furen ƙaya, tambarin Sikotilan, wanda mutane ke ɗauka tsohuwar al'adar tsaunukan ƙasar ce, a mashayun Beljiyam ya yi suna. Har yau kamfanoni irin su Silly na can suna dafa tasu.

A gida kuwa, farfaɗowar ta zo daga inda ba a zata ba. A 1965 Peter Maxwell Stuart, mai gidan sarauta na Traquair kusa da Innerleithen, ya tarar da kayan dafa giya na ƙarni na 18 a wani sashe na gidan da aka daɗe da rufewa, har da tukunyar jan ƙarfe da manyan randunan katako. Ya wanke su ya sake hura wuta. Traquair House Ale, mai ƙarfin kashi 7.2, har yanzu a cikin katakon take tsima, kuma masu nazari da yawa da ita suke auna sauran. Kamfanin Belhaven na garin Dunbar, wanda ke aiki tun 1719, yana da tasa, ko da yake tun 2005 mallakar Greene King ne na Ingila. A tsibiran Orkney can arewa akwai Skull Splitter mai kashi 8.5, wadda aka raɗa wa laƙabin wani tsohon sarkin yankin na zamanin mayaƙan Viking.

Edinburgh ce ta fi yin asara. William McEwan ya kafa masana'antarsa a Fountainbridge a 1856, ta haɗe da ta Younger a 1931, sannan da ta Newcastle a 1960, aka sami Scottish & Newcastle, wanda Heineken da Carlsberg suka saye suka raba a 2008. Ginin majalisar dokokin Sikotilan da aka buɗe a 2004 a Holyrood yana tsaye ne a filin da hedkwatar wannan kamfani take a da. Masana'antar Caledonian, wadda aka kafa a 1869 kuma ta yi suna da tukwanen jan ƙarfe da wuta ke duka kai tsaye, ita ce ta ƙarshe cikin manyan na zamanin Sarauniya Victoria da ta rage a birnin, Heineken ta rufe ta a 2022. Yawancin Wee Heavy da ake dafawa a yau daga ƙananan kamfanoni take fitowa, da dama daga cikinsu a Amurka da Kanada, irin su Old Chub ta kamfanin Oskar Blues na jihar Colorado.